Gyaran Muryar Kawu Barkono

Kagoma,
Ranar Litinin.

Zuwa ga abokina Sambo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya Maijidda da yara? Yaya mutanen shirinmu na talabijin, "Bayan Tasha"? Na ga kiranka, na kasa ɗauka, shi ya sa na rubuto.

Na san darakta ne ya turo ka lallashina. Ka faɗa masa ba zan dawo ba. Tun muna da baƙin gashi nake fitowa Kawu Barkono, kai kana fitowa maƙwabcina, don haka kai kaɗai zan gaya wa dalili.

Kun ji cewa motar citta ta buge mashin ɗin da ya ɗauko 'yata Edna a hanyar Kafanchan. Abin da ya faru wurin jana'iza ne ba ku ji ba. Mutane sun cika maƙil, rabinsu ba su san 'yata ba, ni suka zo gani. Da Fasto ya ce uban yarinya ya yi magana, na tsaya bakin kabari. Sai na yi gyaran murya.

Ka san Kawu Barkono ba ya shara ƙarya sai ya yi gyaran murya. Wani daga baya ya tuntsire da dariya, ta bazu har cikin matan zumunta, suna toshe baki da zane. Ba mugunta ba ce, Sambo, ni na koya musu. Na buɗe baki in kira sunanta, aka sake fashewa. Haka aka rufe Edna ban ce komai ba.

Matata Doreen ba ta yi mini faɗa ba. Kallona kawai ta yi, ta ce, "Ko yau ma?"

Ka gaida kowa. Ku sa mu a addu'a.

Naka,
Yafet Kumai.

Kagoma,
Ranar Asabar.

Abokina Sambo,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Wasiƙarka ta iso, na gode da ba ka sake roƙona ba.

Doreen ta tafi wurin yayarta a Zangon Kataf. Na rantse mata ban yi da gangan ba, ta ce ta yarda, amma duk lokacin da na yi magana a gidan, dariyar nan take ji. Ban hana ta ba. Na daina zuwa majami'a, kasuwa ma sai dole, don yara na bina suna tari. Gona nake wuni, ina huɗar doya.

Ka ce za a ba wani yaro hular Kawu da sandarsa. A ba shi. Ka dai ja shi gefe ka gaya masa abin da na gaya maka.

Abu ɗaya nake roƙo. A shirye-shiryenmu na farko akwai wanda Edna ta fito tana ƙarama, tana tallar gyaɗa, ta ce maka ba ta ba da bashi. Wayarta ta farfashe a hatsarin, ba mu da muryarta a ko'ina. Ka nemo mini shi a gidan talabijin ɗin, a yanke inda na fito duka, a bar ita kaɗai. Uwarta zan kai wa.

Ubangiji ya tsare ku.

Naka har kullum,
Yafet.