Askar da ta yi mana tsaga

Zuwa ga Yaya Nomau,

Gaisuwa da girmamawa daga ƙanenka. Shekara guda ke nan da muka kai ka makwanci a Dumega.

Ka tuna abin da kake cewa in mun sauka baƙuwar kasuwa? "Tsagar Arawa ta fi kartidante, katin shaidar gwamnati." Daga baki zuwa kunne, duk gidan da aka ga fuskarmu sai a shimfiɗa tabarma. Da ita na ci dillanci shekara talatin.

To, akwai wanda ya fi mu iya wannan sana'a. Bayan rasuwarka lokotoro a Dogon Dutsi ya auna jinina, ya tarar da ciwon hantar da ya kumbura maka ciki. Ya zana mini a takarda, ɗan karatun bokon da na yi a lakwal ya isa in gane. Hanta ɗakuna ce ƙanana, kowane da ƙofar da ruwan matsarmama ke shiga. Ƙwayar cutar tana ɗauke da shaidar da ta dace da ƙofar nan. Ba ta ɓalle komi, Yaya, buɗe mata ake kamar 'yar gida. In ta zauna sai ɗakin ya koma ƙera irinta, su fita cikin jini neman wasu ƙofofin.

Ya tambaye ni ta ina jinin wani ya taɓa nawa. Bai rantse kan hanyar da cutar ta bi ba, ni ma ban rantse ba. Amma mu tara aka yi wa kaciya da aska guda, wanzamin yana goge ta a cinya. Ita ta yi mana tsaga tun muna jarirai. Huɗu sun tafi, duka da ciki kamar tulu. Ku kuka ce sammu ne, har ka mutu ba ka gaida Gado maƙwabcinka.

Jibi sunan jikanka. Gwaggo Hajo ta aika a zo da askar nan ta gado a yi aski, a cire beli. Na kai yaron an yi masa allurar rigakafin ciwon, na ce wanzami ya zo da sabuwar reza, belin kuma a bar shi. Ta ce na raina kakanni, ba za ta taka gidan ba. Da kana nan bayanta za ka bi, na san ka, ɗan uwata.

Allah Ya yafe maka, Ya sanyaya makwancinka. Yaron sunanka zai ci. Sunan kaɗai.

Ƙanenka,
Tankari