Wanda Kofur Thaddeus Ya Ɗauka a Bama

Magdalene Thaddeus,
Unguwar Coci, Paikon Kore,
Ta hanyar Gwagwalada.
24 ga Fabrairu, 1992.

Zuwa ga:
Alhaji Nababa Saleh,
Shugaban Kwamitin Baje Kolin Tarihin 'Yan Mazan Jiya,
Garki, Abuja.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KUSKUREN DA AKA RUBUTA A ƘARƘASHIN HOTON MAHAIFINA, DA HALIN DA YA JEFA SHI A CIKI

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da yi maka barka da sauka a sabon babban birni, ni Magdalene, malamar firamare, babbar 'yar Kofur Thaddeus Shekwolo, ina gabatar da wannan ƙorafi a madadin mahaifina. Yau kwana arba'in cif rabonsa da cin abincin kirki, kuma kwamitinka ne sanadi, ko da yake na san ba da niyya aka yi ba. Ina roƙon ka daure ka karanta da kanka, kada ka miƙa wa akawu.

1. Yadda abin ya samo asali.

An ɗauki mahaifina soja a shekarar 1942 yana ɗan shekara ashirin, tare da ɗan kawunsa mai suna Wakili, wanda suka tashi ɗaki ɗaya. Ba bindiga aka ba shi ba. Mu Gbagyi a kafaɗa muke ɗaukar kaya, ba a ka ba, sai Turawa suka ga kafaɗarsa ta dace da gadon ɗaukar masu rauni, suka sa shi a wannan aiki har ƙasar Bama.

A watan Maris na 1944, suna ja da baya a kwarin Kogin Kaladan, aka harbi Wakili a cinya. Mahaifina ne ya ɗora shi a gadon, shi ne kuma ke riƙe da gaba. A ranar aka tsinci wani sojan Japan kwance cikin laka, da sauran numfashi. Baturen da ke shugabantarsu ya ɗauki bindigar mutumin, ya nuna wani fure da aka buga a ƙarfenta, ya ce da Hausarsa ta bariki: "Wannan na gidan sarki." Kafin la'asar duk kamfanin sojojin ya ɗauka an kama ɗan sarkin Japan. Manya suna son fursunan da ransa don su yi masa tambayoyi, gado kuwa ɗaya ne ya rage. Aka ba da oda. Mahaifina da hannunsa ya sauke Wakili, ya ɗora baƙon. Wakili ya yi ta ɗingishi ana tallabe da shi, a kwana na biyu ya faɗi bai ƙara tashi ba. Fursunan kuwa an ɗauke shi kwana huɗu, aka miƙa shi asibitin sojoji a bakin kogi, mahaifina bai sake jin labarinsa ba.

Tun da ya dawo gida ake kiransa Abokin Yarima. Duk Kirsimeti sai ya ba da labarin, kuma mu 'ya'yansa mun lura duk shekara Yariman ƙara nauyi yake yi, tudun da suka haura da shi kuma ƙara tsawo. Muna yi masa tsiya, yana dariya. Amma duk sanda ya kai labarin ƙarshe sai ya ce Allah ne ya ga ran babban mutum da zai amfani ƙasarsa, shi ya sa aka karɓi na Wakili. Da wannan magana ya riƙe kansa shekara arba'in da bakwai. A 1974 wasu ma'aikata suka zo daga Legas suka naɗi muryarsa, suka ɗauki hotonsa, suka tafi.

2. Abin da ya faru ranar Laraba, 15 ga Janairu, 1992.

Takardar gayyatarku mai kwanan wata 6 ga Janairu ta iske shi a gona. Sau uku ya karanta ta. Ya goge lambobin yabonsa na soja da toka da lemun tsami, ya kuma matsa sai an tafi da Gwaggo Hasana, ƙanwar marigayi Wakili, don ta ga an tuna da su a birnin gwamnati.

Zauren baje kolin yana warin fenti, akwatunan da aka kwaso daga Legas ma ba a gama buɗewa ba, wasu tsofaffin a kansu suka zauna. A jikin bango akwai babban hoton wani Yariman Japan, ƙirjinsa cike da lambobi. Ba zan rubuta sunansa ba, harshena bai iya ba, hannuna kuma ba ya so. A ƙarƙashinsa aka manna hoton mahaifina, aka rubuta cewa wannan shi ne ɗan Najeriyar da ya ceci ran Yariman a Bama.

Ma'aikacinku Malam James ne ya karanta bayanin, da Turanci sannan da Hausa. Ya fara da cewa an haifi Yariman a fada, ya kuma rasu a gadonsa yana da shekara casa'in da ɗoriya. Nan take mahaifina ya miƙe, ya ƙame, ya sara wa hoton, ya ce da ƙarfi: "Ashe ya yi rai! Na gode Allah!" Mutane suka tafa masa. Ban taɓa ganin fuskarsa da haske irin na wannan lokaci ba.

Sai Malam James ya ci gaba. Ya ce Yariman ya shiga makarantar soja tun yana yaro, an tura shi Turai karatu, ya dawo ya hau muƙamai da sauri saboda jinin da ke jikinsa, har ya kai janar. A ƙarshen 1937 yana cikin manyan da ke riƙe da rundunar da ta shiga wani babban birni na ƙasar Sin. Makonni aka yi ana kashe fursunoni da farar hula, ana keta haddin mata, gawawwaki suka cika bakin kogi. Ya ce masana har yau suna gardama kan ko shi ya ba da odar ko wani ne ya yi da sunansa, amma ba a taɓa tsayar da shi gaban alƙali ba, domin bayan yaƙi an keɓe 'yan gidan sarauta daga shari'a. An rataye wasu janarori, shi kuwa ya koma gida ya tsufa cikin jikokinsa.

Ranka ya daɗe, mahaifina yana tsaye duk aka karanta wannan, don bai san yadda zai zauna ba. Gwaggo Hasana tana gefensa tana ji. Babu wanda ya ƙara tafawa, babu kuma wanda ya zo ya kama hannunsa sai ni.

3. Halin da yake ciki.

Muka koma gida. Washegari da safe ya tafi ƙofar Gwaggo Hasana ya zauna a ƙasa, tsoho ɗan shekara saba'in. Ta fito ta ce masa sun yafe tun kafin a haife ni, ya tashi kada jikoki su gan shi haka. Ya ce mata: "Na sauke ɗan uwanki, na ɗauki mahauci." Tun daga ranar bai taka coci ba. Ya zuba lambobinsa a kwanon sha ya tura ƙarƙashin gado. Tuwon dawa da ba ya iya kwana ba tare da shi ba, yanzu sai ya kawar da kai, kunu ma da lallashi yake kurɓa. Sau biyu aka sa masa ruwa a asibiti. Likita ya ce bai ga wata cuta ba, mutum ne ya fid da rai da rayuwa, kuma in aka ci gaba a haka maganar makonni ce.

Ina jin baƙin ciki, ina kuma jin haushi, ba zan ɓoye maka ba. Mutumin nan ya dawo daga dajin Bama da ƙafafunsa, yanzu layi biyu na rubutu ya kwantar da shi.

4. Abin da ma'aikacinku ya amsa da bakinsa.

Ranar Litinin, 27 ga Janairu, na samu Malam James. Bai yi mini gardama ba. Ya ce a wajen lodin kaya a Legas aka cakuɗa fayiloli, katin hirar mahaifina mai taken "Yarima" ya faɗa kwali ɗaya da takardun wancan Yariman. Kwana biyu aka ba shi ya shirya allon, ya ga Yarima nan, Yarima can, sai ya haɗa. Bayan taron ya koma ya duba, ya tabbatar da abu uku: Yariman da ke hoton bai yi yaƙi a Bama ba, a 1944 ya haura shekara hamsin, furen nan kuma tambarin gidan sarautarsu ne da ake bugawa a bindigar kowane ƙaramin soja, don a nuna bindigar ta sarki ce. Ke nan Baturen bindiga yake nufi, mutanenmu suka ɗauka mutum yake nufi.

Na koma gida da sauri na gaya wa mahaifina. Na tuna masa cewa shi da bakinsa ya sha gaya mana wanda ya ɗauka ko gemu bai fara ba. Ya dube ni ya ce ni 'yarsa ce, dole in faɗi abin da zai sa ya ci abinci. Ya ce fuskar duk laka ce da jini, shi kuma idonsa na ɗan ƙauye ne, gwamnati kuwa ba ta rubuta abu a bango sai ta bincika. Tsohon soja ne, ranka ya daɗe. Abin da aka rubuta da sunan gwamnati, gwamnati ce kaɗai za ta goge masa shi.

Malam James ya so ya rubuta masa, amma ya ce ba shi da ikon sa hannu, takarda mai ɗauke da sunan ofis da hatimi kuma suna hanya daga Legas. Ina roƙon kada a hukunta shi. Shi kaɗai ne a ofishin nan ya ba ni kujera, kuma na ga idonsa ya cika da hawaye.

5. Zirga-zirgar da na yi a banza.

Na zo ofishinka ranar 20 ga Janairu, aka ce: "Oga ba ya seat." Na dawo 5 ga Fabrairu, aka ce ka koma Legas kwaso sauran kaya. Na sake dawowa 17 ga Fabrairu, wani akawu ya ce mini: "Madam, ki yi patience, file ɗin bai iso ba." A gabana aka sauke kujeru, da firji, har da tukwanen furanni, amma hatimin da bai kai girman ƙwai ba shi ne ya gagari mota. A duk zuwan nan ina barin 'yan ajina a hannun wata malama. Kuma har ranar ƙarshe da na leƙa, allon yana nan a rataye, ana kai yaran makaranta suna kwafar kuskuren a littattafansu.

Abin da nake roƙo, cikin ladabi:

(a) A sauke hoton mahaifina daga ƙarƙashin na Yariman nan ba tare da jiran wani fayil ba.

(b) A rubuta wa Kofur Thaddeus Shekwolo takarda da sunansa da muƙaminsa, da sa hannunka da hatimi, a shaida masa cewa mutumin da ya ɗauka a Kaladan ba wannan Yarima ba ne, kuma ga dukkan alamu ƙaramin soja ne wanda ba a san sunansa ba. A rubuta da Hausa, da manyan baƙaƙe, domin ya karanta da idonsa, kada ya ce ni na gyara a wajen fassara. In hatiminku bai iso ba, a ara na maƙwabtan ofis, ba zai bambance ba.

(c) In za a sake rataya wani abu a gurbin, a sa sunan Wakili. Ba mu da hotonsa.

Na san abin da wannan takarda za ta karɓe masa. Sunan da ake kiransa da shi tun kafin a haife mu zai zama abin dariya a bakin kasuwa, za a ce shekara arba'in da bakwai yana alfahari da ɗaukar wanda ba kowa ba. Na gaya masa haka shekaranjiya, don kada in yi wannan roƙo a bayan idonsa. Ya ce in dai talaka ne kamar Wakili, to ɗan wata aka sauke aka ɗauki ɗan wata, kuma wannan zai iya tsayawa da shi gaban Ubangiji. Ya ce a kawo takardar ya gani, zai ci tuwo.

Zan zo ofishinka ranar Litinin mai zuwa, 2 ga Maris, da ƙarfe takwas na safe, zan kuma zauna har a tashi. Idan ba ka gan ni ba, to kada a wahalar da kowa da rubutu, domin babu mai karanta takardar.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya sa ka ji daɗin sabon wurin zama.

Taku cikin biyayya da girmamawa,

Magdalene Thaddeus
A madadin Kofur Thaddeus Shekwolo, Paikon Kore.