Allon Shagon Baba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Yaya Inna da ciwon ƙafa? Yaya yara? Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba.

Ni lafiyata ƙalau, kada ku damu. Tarin nan warin fenti ne kawai, kowa a wurin aikinmu yana yi. A nan inji ke yanka haruffa, namu mannawa ne. Duk kansu ɗaya kamar haƙoran mataji, ba ka gane hannun kowa.

Inna ta ce tela zai shiga shagon Baba, za a shafe allon saman ƙofa. Don Allah, Yaya, kada a shafe. Rubutun Baba ne. Ka tuna yadda haruffansa ke karkata tun da kafaɗarsa ta fara ciwo? In muka tsokane shi sai ya ce, "Rusunawa suke yi, sun fi ku ladabi."

Jiya na ɗauki buroshi in rubuta sunansa yadda yake yi. Sai haruffan suka miƙe ƙyam, irin na inji. Hannuna ya manta, Yaya. Na zauna ina share ido, na ce wa abokan aiki fentin ne.

Ka sauke allon, ka naɗe shi da tsohon zane, ka ajiye a ɗakin Inna inda ruwa ba ya zuba. Ban ga fuskar Baba ba aka kai shi makwancinsa. Ku bar mini hannunsa in zo in tarar.

Ƙaninka,
Auta