Abin da Na Samu a Matashin Inna

Litinin, 6 ga Nuwamba 2023

Inna ta faɗi yau. Tana shanya tattasai a tsakar gida, sai jiki ya hau karkarwa, kumfa a baki. Daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, aka kira ni, na fito aji da alli a hannu. Maƙwabta na cewa iska ce. Mun kai ta asibiti.

Talata, 7 ga Nuwamba

Lokotoro Kolo, likitan da ya duba ta, ya ja ni gefe, ya tambaye ni tun yaushe take shan taramol. Dariya na yi. Inna, mai shekara sittin da ɗaya, wadda ko sallar walha ba ta wuce ta? Saura kaɗan in gaya masa magana. Bai ji haushi ba.

"Madam, je ki duba kayanta," in ji shi.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Na duba. Cikin matashin kanta, ta farke gefe ta sake ɗinkewa. Fankon sashen ƙwaya, ledojin da aka ɓare, sun fi ƙarfin tafin hannuna biyu. Irin jajayen nan da masu dako suke sha a kasuwa.

Na zauna a ƙasa har aka kira la'asar.

Asabar, 11 ga Nuwamba

An sallamo ta. Na ajiye matashin a gabanta. Ta kalli bango, ta ce tun gudun Bosso ne, da 'yan bindiga suka kore mu daga garin, shekara bakwai ke nan. Tafiyar ƙasa ta lalata mata baya, ga Baba da bai biyo mu ba har yau. Da farko ɗaya take sha don bayan, daga baya don ta manta, yanzu kuwa in ba ta sha takwas ba ba ta iya tashi ko alwala.

Na ce wane azzalumi ne ya fara ba ta.

"Ke ce, Ummusalma. A bukkar bakin hanya."

Na tuna. Wallahi na tuna. Tana kuka da baya, na sayo wajen mai tebur, har ina murna ta samu barci.

Talata, 14 ga Nuwamba

Yaya Sulaiman ya zo daga garin Maine. Ya ce kada kowa ya ji, abin kunya ne, a zubar da komai a masai a hana ta fita. Na yarda. Ni na riƙe makulli.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Kwana biyu tana gumi, gudawa, ƙafafu na harbawa. Da hantsi ta durƙusa mini. Uwata, a kan gwiwa, tana roƙona ƙwaya ɗaya.

Na ruga wajen Lokotoro. Wannan karon ya yi faɗa. Ya ce mun wahalar da ita a banza, har muna iya jawo mata abin da ya fi haka. Wai maganin ya sauya mata ƙwaƙwalwa, jiki ba ya aiki sai da shi, don haka a hankali ake ragewa, da awo, kuma a duba bayan da kuma baƙin cikin. Ya ce cuta ce, ba lalacewa ba. "Mai ciwon suga kuna kulle shi a ɗaki?"

Cuta? Ni da nake gaya wa ɗalibai 'yan ƙwaya sun zaɓi halaka da hannunsu.

Lahadi, 3 ga Disamba

Biyar a rana yanzu, daga hannuna. Yaya ya daina kira.

Juma'a, 22 ga Disamba

Na ga ƙwaya biyu a ƙulle a bakin ɗankwalinta. Ban yi ihu ba, ni ma na yi mamaki. Na ce sai mu gaya wa Lokotoro ranar Litinin, ta ce to. Muka ci gaba da cire wa tattasai hanci.

Da yamma Zuhura, abokiyar aikina, ta zo gaishe ta. A zaure ta tambaye ni wai me ke damun Inna ne. Wata guda da rabi ina cewa hawan jini. Yau na ji bakina ya ce taramol ne, tana kan magani. Zuhura ta gyara mayafi, sannan ta tambaye ni, ƙasa-ƙasa, wace rana lokotoron yake ganin mutane. Ban tambaye ta don wa ba.

Ban san abin da ya sa na faɗa ba. Gajiya ce, ina jin.