Ƙwallo Ɗaya a Inabin Yaya Argiro

Litinin, 11 ga Satumba

Mun tashi daga tashar jiragen ruwa ta Fireyas da la'asar. Jirgin ruwa mai hawa goma sha biyu, mutum dubu uku, kowa na ɗaukar hoton kowa. Shekara talatin ina rubutu a jarida kan ɓarnar da irin jiragen nan ke yi wa tsibiranmu na Girka, yau ga ni a ciki, an rataya min kati a wuya kamar akuyar kasuwa. Aikin Lefteris ne, mijin nan nawa, wai kyautar ritaya. "Ki huta, Edita, teku ba ta da kuskuren da za ki gyara." Haka 'yan gida ke tsokanata, Edita, kamar ba Fotini aka raɗa min ba. Takardar abincinsu kuwa kuskure uku na ƙirga a shafin farko.

Talata, 12 ga Satumba

Na karanta jadawalin tafiya. Alhamis: tsibirinmu, awa shida. Lefteris na cin kankana yana rantse min bai lura ba. Mutumin da ke karanta takardar magani har ƙarshe!

Shekara goma sha ɗaya rabona da can, tun da na rubuta cewa akwai matar da ke sayar wa 'yan yawon buɗe ido gidan iyayenta cokali-cokali. Ban ambaci suna ba. A tsibiri mai mutum ɗari takwas ambaton suna ɓata tawada ne. Yaya Argiro ta yanko shafin ta aiko min a ambulan, ko kalma ba ta ƙara ba, daga nan magana ta mutu tsakaninmu. Abin da na rubuta gaskiya ne. Har gobe gaskiya ne.

Laraba, 13 ga Satumba

Tsibirin Rodos. Ban sauka ba. Gobe ma ba zan sauka ba.

Alhamis, 14 ga Satumba

Na sauka. Don in ga ɓarnar da idona, ba don komai ba.

Aka manna wa kowa lamba tara a ƙirji, muka bi wani ɗan rakiya mai jar laima. Shagon mai gasa burodi ya koma na sayar da huluna. A layin da na koyi tafiya wani ƙato ya ce min in matsa, ina tare masa hoto. Sai mai laima ya ce yanzu za mu shiga "gidan gargajiya na asali". Tun daga kwanar cocin na gane inda aka nufa. Gidan babanmu.

Mu arba'in a tsakar gida. Ya nuna gadon iyayenmu, ya ce shekararsa ɗari uku, wani shugaban 'yan fashin teku ne ya sassaƙa shi. Baba ya sayo shi a Fireyas shekarar da aka haife ni, ni na karya masa ƙafar hagu da tsalle. Na ɗaga hannu, Lefteris ya sauke min shi.

Sai ga Yaya da tire. Ta tsufa, amma tafiyar na nan. Inabi dafaffe a sukari, cokali ɗaya a ɗan faranti, da kofin ruwan sanyi: abin tarbar baƙo. Ɗan gida ba a kawo masa a tire, shi ke shiga madafa ya ɗiba. Ta tsaya gabana, ta dubi lambar ƙirjina sosai kafin ta dubi fuskata.

"Sannu da zuwa, Madam. Daga wace ƙasa?"

Ta juya. "Kai kuwa Lefteris, wannan tumbin fa? Wuce ciki ka ɗebi abinka."

Ya wuce, mara kunya. Ni na karɓi farantin kamar sauran. Na kai baki. Haƙorina ya ci karo da ƙwallo.

Ƙwallo! A gidan nan! Mama kan zaunar da mu yini guda, kowa da fil ɗin gashi, muna cire ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya ba tare da inabin ya fashe ba. In baƙo ya tofar da ko ɗaya, mako guda ba ta fita unguwa. Na ture mutane na shiga madafa.

"Baƙi ba sa shigowa nan," in ji ta.

"Akwai ƙwallo a inabinki, Yaya."

"To ki rubuta a jarida."

Na shirya amsa, mai kyau kuwa, tun shekara goma sha ɗaya. Sai na ga hannayenta. Yatsun sun kumbura, sun lanƙwashe kamar saiwar zaitun. Ga kwano cike da inabi a gabanta. Sau biyu fil ɗin na suɓuce mata ina tsaye.

"Jirgi uku gobe," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Gidan maƙwabtanmu su Marulla otal ne yanzu. Na gaba da shi ma. Namu ne kaɗai gadon Baba ke inda ya bar shi, ko da ƙarya a kansa." Ta turo min fil ɗin. "In gyaran kuskure ya kawo ki, Edita, ga su nan kwano guda."

Na zauna. Don in nuna mata yadda ake yi ne kawai.

Juma'a, 15 ga Satumba

Wai jirgi ya yi busa sau uku kafin ya tashi. Ban ji ba. Na taɓa rubuta cewa busarsu na girgiza tagogi har bayan tsibiri. Mai yiwuwa na zuzuta.

Lefteris ya tafi da jirgin da duk kayana. A kan teburin madafa ya bar min katin shaidata, maganin hawan jinina da littafin nan. Ashe tun safiyar jiya suna jakarsa. Munafuki. Sai Lahadi zan yi masa magana, ko Litinin.

Babban yatsana ya yi kanta. Inabi kwano biyu, ba ƙwallo ko ɗaya, na duba da kaina.

Da safe ba wanda ya kawo min komai a tire. Na shiga na ɗiba, ta kama ni. "Da cokalin baƙi? Ke har yanzu ba ki da hankali, Fotini? Kuma ɓare lambar nan daga rigarki, jirgin farko ya iso."

Na ɓare.

Rubutun nan nawa na jarida a kan Yaya yana nan daidai. Jimla ɗaya ce kawai da zan so in sake dubawa.