Ummi, Za a Gwada Ƙahon Kakanki

Camberwell, Landan

Zuwa ga Ummi, mai sunan uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki doguwar gaisuwar nan da na saba yi miki a waya har sai kin ce kina kan aiki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina da rai ma sai kin sha fama da rubutuna, balle yanzu. Amma bakina ya cika, uwarki kuma ta gaji da ni, sai ke.

Bari in fara da abin kunya tun kafin wani ya riga ni. Ranar Talata ubanki ya je asibiti da kwalbar zuma manne a tumbinsa.

Uwarki ta tafi Peckham cefane. Na wanke kwalbar, na kunna auduga na jefa ciki, na kifa a jikina kamar yadda kika taɓa nuna mini ana yi a asibitinku na Chana. A baya na so in kafa, hannu bai kai ba. Kwalba ta kama, Ummi. Tumbi ya shige ciki ya yi jawur yana kallona ta gilashi. Na ja, ta ƙi. Na shafa man gyaɗa, ta ƙi. Guntun audugar da ya faɗi ya ci kafet, ƙararrawar hayaƙi ta kama ihu, maƙwabcinmu na sama ya fara maganar kai ƙara council, hukumar unguwa. Na zura babbar riga na hau bas ina rungume da ciki, har wata yarinya ta tashi ta ba ni kujera.

Nas ɗin da na samu 'yar Gana ce, Bahaushiyar zango. Ta ɗaga rigar, ta dube ni, ta danna yatsa ɗaya a gefen bakin kwalbar, iska ta shiga, kwalba ta faɗo a hannunta. Ta tambaye ni sana'ata, na ce aski. Ta tambayi ta ubana, na ce wanzami. Ta ja labule ta fita. Amma labule ba bango ba ne, ina jin ta tana ba 'yan'uwanta labari suna shaƙewa da dariya.

Za ki ce me ya kai ni? Dakta Lin ce ta zo Landan. Abokiyar aikinki, wadda ta tallafe ki ranar da jijiyar jini ta tsinke a ƙwaƙwalwarki kina tsakiyar duba marasa lafiya, wadda kuma ta nemo Musulmin garin suka yi miki sutura. Taro ya kawo ta Bloomsbury. Muka haɗu bayan Juma'a a Regent's Park, 'yar ƙaramar mace cikin ƙatuwar rigar sanyi. Ta yi mini sannu da Hausa, ta tambayi gajiya, sannan ta ɗan rusuna ta kira ni sarkin surutu. Aikinki ne wannan, na gane hannunki. Ban gyara mata ba.

Ta fito da kofunan ƙaho biyu na gilashi daga jaka ta ɗora mini a tafin hannu, wai in nuna na gaske. Na juya su, na shinshina, na leƙa, na zaɓi wanda ba shi ba. Ashe ɗaya yana zuƙar fata sosai, ɗayan akwai 'yar huda da ido ba ya gani, sai ya zauna a jiki kawai yana kwaikwayo. Ta sake yi mini bayanin da kika sha yi mini ina katse ki. Masu ciwon baya ne ake raba su gida biyu da ƙuri'a, a kafa wa waɗannan na gaske, waɗancan na kwaikwayo, ba wanda ya san nasa. Daga baya a duba wa ke iya sunkuyawa, wa ke samun barci. Da haka ake gane ko kofin ne ke warkarwa ko kuwa zuciyar mutum ce.

Kin tuna abin da nake ce miki? Cewa na tsufa ina aske kawunan mutane a Camberwell don ki zama likita, kika tsallaka duniya ki koyo ƙaho, abin da kakanki ke yi a gindin tsamiya a sallame shi da kwanon gero. Sai ki yi dariya ki ce ai shi ya sa. Kina so in kai ki wurin Baffa Iro, yayana, a gwada namu na ƙahon sa kamar yadda ake gwada nasu na gilashi. In ce baɗi. Baɗi ta zo in ce jirgi ya yi tsada. In kin matsa in kawo labarin wani da na yi wa aski ya yi barci, ki manta.

Dakta Lin ta ce wannan ɓangaren na aikinki yana nan bai mutu ba. Asibitinku ya yarda ta je ƙauyenmu idan akwai mai buɗe mata ƙofa. Idan ta koma ba amsa, za su rufe shi su ci gaba da nasu. Ta ce in yi tunani kafin jirginta.

Bayan ta tafi na zauna a wani benci, rana mai laushi tana dukan wuyana, ban san lokacin da na lula ba. Sai ga tsamiyar kasuwarmu tsaye a tsakiyar ciyawar Turawa. Kakanki ya shimfiɗa tabarmi, 'yan Chana sun kwanta a jere rub da ciki, ƙahoni a bayansu kamar garken da ya nutse cikin ƙasa, agwagi suna bi ta tsakaninsu. Ke kuma kina cikin farar rigar likita, amma ƙarama, kamar shekarar da kika shiga makaranta, hannun rigar yana jan ƙasa. Yana yi miki magana da Hausa kina amsawa da Turanci, kuna fahimtar juna. Na yi ta ɗaga muku hannu. Ba wanda ya waiwayo, kuma ban ji haushi ba.

Tun da kika tafi haka garin nan ya zama mini. Ina saman bas, hazo ya kwanta a kan kogi, sai in ga dogon barandan asibitin da ban taɓa takawa ba, ke kina tafe a ciki da sauri. A shago in ɗora hannu a ƙeyar mutum in ji warin hayaƙin kara. Can inda kike akwai safiya? Kakanki ya gane ki? Ya tambaye ni?

Uwarki lafiya. Ta rage gishiri a miya ba tare da likita ya hana ta ba, kuma har yau ita ke ba furen ɗakinki ruwa, yana ta girma ba kunya. An gyara lif ɗin gidan, ya yi kwana kaɗan ya koma halinsa.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Ba tsadar jirgi ba ce, Ummi, tsoro ne. Ni da na bar makaranta ban gama sakandare ba na ɗauka na zama Bature. Na tsaya a kasuwarmu na ce ƙaho yaudara ce, na kama hanya. Ga shi na gudu daga aska na ƙare a kan injin aski. To idan awonku ya ce ƙaho yana aiki, na wofintar da abin kirki don iyayi. Idan ya ce ba ya yi, ashe da ruɗu ubana ya ciyar da mu, da shi aka yi wannan ƙashin nawa. Wanne zan so in ji? Sai na zaɓi in ba ki dariya, don nan ne kawai na ƙware.

Kwalbar ma dabara ce. Na ce bari in gwada ko hannun yana nan, in nuna wa Dakta Lin a cikin flat ɗinmu, in huta da zuwa gida. Kin ji yadda ta kaya.

Da na dawo daga asibiti na kira Baffanki. Rabon da mu yi magana tun ta'aziyyarki, ita ma gajeruwa ce. Na yi masa bayanin kofuna biyu da ƙuri'a iya fahimtata. Ina jin awaki a bayansa. Sai ya tambaye ni, idan awon matar ya ce ƙaho ba ya komai fa? Na ce haka za ta rubuta, domin ke ma haka za ki rubuta. Na jira zagi. Sai na ji tsohon nan ya yi ajiyar zuciya ya ce shi ma yana so ya sani kafin ya mutu. Wai duk ranar da mutum ya dawo masa da ciwon da ya zo da shi, yakan kwana yana wannan tambayar, ba wanda zai yi wa ita. Kin ga? Kina da abokin bincike a ƙauye tuntuni, ni na tsaya a tsakaninku ina ba da labarin aski.

Ya yarda ta zo, ta zo da kofunanta na kwaikwayo, shi ma zai huda ƙaho ɗaya don kada a ce ya ji tsoro. Amma ya kafa sharaɗi. Ni zan kawo ta da ƙafata. Kuma ranar kasuwa ni zan rataya masa zabira, jakar kayan wanzanci, in bi bayansa tun daga ƙofar gida har gindin tsamiya, ta gaban duk wanda ya rage cikin waɗanda suka ji bakina a wancan lokaci. In wanke ƙahoni, in riƙe ƙwaryar jini, kuma in yi shiru. Na roƙe shi ya cire na ƙarshen, ya ce shi ne ma babba.

Na gaya wa Dakta Lin ta shirya. Na yi booking ɗin jirgi jiya. Ban san amsar da za ta fito ba, ke ma ba ki sani ba, kuma kin sha gaya mini cewa wanda ya riga ya sani ba bincike yake yi ba. Abin da na sani shi ne akwai tafiyar da na hana ki, ita zan yi da furfurata, da zabira a kafaɗa, da bakina a rufe. Idan na kasa na ƙarshen ki yafe mini, kin san ubanki.

Allah ya kai haske kabarinki, ya sanyaya miki ƙasar da ba tamu ba. Ki huta, uwata.

Naki,
Sule mai aski,
yaron wanzami daga wata mai kamawa