Kanwa a Cikin Motar Yaya Sani

Zuwa ga Yaya Sani, duk inda takardar nan ta riske ka a hanyar Makka. Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga ƙaninka Bala, a Zangon Agege. Da ajami na rubuta, ban kuma liƙe ba. Alhazan da za su hau jirgin Kano za su ɗauka, duk wanda ya karanta a hanya ya miƙa gaba.

Bayan gaisuwa, Yaya, ƙararka na kawo wurinka. Ka rasa wanda za ka bar wa makullin jif ɗinka duk faɗin Ikko sai Mamman ɗan Goggo? Mutumin da in ka raba shi da saniya ka gama da shi? Ka ce ni wasa ya yi mini yawa. To ga aikin mai hankalin naka.

Ran da ya fara hawan motar sai da ya zagaya ta yana bubbuga mata ƙugu, ya leƙa ƙarƙashinta kamar mai neman hantsa. In ta ƙi tashi, tsaki yake mata irin na kora garke. Tun daga ranar ya hana a kira shi Mamman, sai Oga Direba.

Ita ma motar ba ta da bakin magana. Tsohuwar da sojoji suka gaji da ita suka yar, kai ka tsinto ka ɗaura mata fambel na fatar sa, ka shimfiɗa buzu a kujera, ka liƙa mata ƙahon da ka samo a Ebute Metta mai kukan jaki. Amma ita ke shiga gonakin da babbar mota ke tsoro, ta fito da huhun goro cikin taɓo har tasha. Wannan kam ba na musu.

Da rani ya tsananta ta fara zafi a hawan nan na bayan rafi. Ka san dalili, lagireto ne ya toshe da laka, wanki kawai yake so. Mamman ya zo ya tsaya a kaina yana sosa ƙeya. Na gyara fuska na ce masa ai kai, Yaya, duk wata kakan ba ta jar kanwa, kamar yadda ake ba shanu in ciki ya ɗaure.

Wallahi, Yaya, na zaci zai zage ni ne kawai, irin na taubasai. Ashe gardin ya tafi ya jiƙa kanwa cikin bokiti, mai kauri, ya ɗura mata. Da ya ga tana tafasa ya ce magani na aiki, ya ƙara. Sati uku yana ba ta. Kanwa ta cinye dalmar lagireto, ya dinga tsiyaya ta ko'ina kamar rariya. Da ta tsaya cak, sai ya sa ƙarfe a wuta zai yi mata lalas a bonet. Matan Yarabawa masu ɓare goro suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Daga nan abin ya daina ba ni dariya. Mamman ya je gaban Inna ya ce dabbar da ta kasa tashi yanka ta ake yi, a ba maƙera su yi fartanya da ita. Ya ƙara da cewa shekara biyu ba labarinka, a daina yaudarar kai. Inna ta dubi tabarma. Can ta ce in Juma'a ta zo motar ba ta tashi ba, a kira maƙeran.

Ka san abin da hakan ke nufi a gidanmu. Ba a sayar da kayan mai rai.

Na je na faɗa wa Inna gaskiya, ni na ja. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Na kwance lagireton da hannuna, na ɗora a ka har wurin mai liƙin gwangwani na bayan tasha. Kwana uku muna hura shi cikin ruwa muna bin kumfa, muna toshe huda ɗaya-ɗaya da dalma. Na ƙona yatsu biyu. Ina ta jin muryarka kana cewa, “Bala, saurare ta tukuna, ba ta ƙarya.” Da can nakan kwaikwaye ka a bayan idonka in ka faɗi haka.

Ranar Juma'a da hantsi maƙera biyu suka zo da gudumarsu, Mamman na gaba yana taƙama. Na murɗa ƙarfen tayarwa sau bakwai, shiru. A na takwas ta yi tari, ta yi tusa, ta kama. Na danna ƙahon nan naka har Mamman ya faɗa kwata. Inna ta fito ba mayafi. Ta karɓi makullin daga hannunsa ta damƙa mini, ba ta dube shi ba.

Sai dai ƙafata ba ta kai birki ba, kai dogo ne. Mai liƙi ya ce a yanke ƙafafun kujerar a matso da ita gaba, aikin rabin yini. Na ƙi. Guntayen katako na ɗaura a kan birki da totur da igiyar huhu. Duk Zango na yi mini dariya, har Mamman ya samu na ramuwa. Su yi ta yi.

Allah ya kai ka ɗakinsa, ya karɓi aikinka, ya tsare ka daga ƙishirwar hanya, ya dawo da kai Inna na da ranta. Amin.

Ɗaurin zarge na yi wa katakon, Yaya. Ja ɗaya za ka yi ya kwance.

Ƙaninka marar jin magana,
Bala